Waken da Ke Ceton Rai Ya Karɓe Ƙafa: Nazari Kan Cutar Latirizim da Cimar Yunwa a Ƙasar Daura

A tsaunukan arewacin Habasha akwai wani wake da manoma ke kira gwaya. Mutanen Indiya da Bangaladash kesari suke ce masa, a Sifaniya almorta, masana tsirrai kuwa Lathyrus sativus. Ƙwayarsa ƙarama ce mai kusurwa-kusurwa, furensa galibi shuɗi. Ba ya cikin amfanin gonar da manomin Baure ko Zango ko Sandamu ya gada, amma duk manomin da aka zayyana wa halayensa sai ya nemi a sam masa iri. Yana jure fari, yana jure kwanciyar ruwa a gona, ba ya neman taki, yana ma ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma sama da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin ƙwayarsa furotin ne. Shekarar da alkama da sha'ir suka ƙone, shi ake tararwa tsaye. Aibinsa guda ne. Wanda ya mayar da shi cimarsa ta safe da dare har wata biyu ko uku, yana iya wayar gari ƙafafunsa sun sanƙare, kuma ba za su sake sakuwa ba har ƙarshen rayuwarsa.

Likitoci na kiran cutar latirizim, sunan da likitan Italiya Arnaldo Cantani ya sa mata a 1873. Ta girmi sunan nesa ba kusa ba. Tsofaffin rubuce-rubucen likitancin Girka sun ambaci mutanen da ƙafafunsu suka raunana saboda yawan cin wani wake. A 1671 mai mulkin Württemberg a ƙasar Jamus ya haramta yin burodi da garinsa. Mai zanen nan na Sifaniya, Francisco Goya, wanda ya ga yunwar da ta auka wa birnin Madrid a 1811 lokacin yaƙin Napoleon, ya zana mayunwata sun taru a kan kwanon fatensa, ya kuma raɗa wa zanen sunan godiya ga waken.

Abin da tarihin cutar ke nunawa shi ne gubar tana cikin ƙwaya, amma ba ƙwayar ce ke zaɓen wanda za ta naƙasa ba. Miliyoyin mutane na cin gwaya kullum ba abin da ya same su. Wanda take kamawa shi ne wanda ba shi da hatsin da zai gauraya, ba shi da ruwan da zai jiƙa, ba shi da halin jira. Ta wannan ƙofa ce maganar ta shafi ƙasar Daura, ko da ba a shuka waken a cikinta.

A 1964 wasu masana a Bangalore, S. L. N. Rao da P. R. Adiga da P. S. Sarma, suka ware sinadarin da ke ɓarnar, wanda ake taƙaita sunansa da ODAP. Yawansa a ƙwaya ya bambanta daga iri zuwa iri, daga ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari har zuwa kashi biyu da ɗoriya. Siffarsa ta yi kama da ta gulutamet, sinadarin da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi. Shi gulutamet idan ya isar da saƙonsa jiki na kwashe shi nan take. ODAP kuwa idan ya yawaita sai ya riƙa zaburar da ƙwayar jijiya ba hutu, kamar jakin da ake ta bugu bayan ya riga ya kai kasuwa, har ta gaji ta mutu. Waɗanda suka fi mutuwa su ne manyan ƙwayoyin da ke saman ƙwaƙwalwa masu ba ƙafa umarni, tare da dogayen zaruruwansu da ke gangarawa ta cikin laka. Irin waɗannan ƙwayoyi ba sa sake tsira. Shi ya sa babu magani, sai dai daina cin waken ya tsayar da ɓarnar inda ta kai.

Farkonta ba ya ba da tsoro: ɗaurewar sha-raɓa cikin dare, nauyin ƙafa, yawan fitsari, rawar gwiwa in an ɗauki kaya. Daga nan sai tafiya ta sauya. Mutum ya riƙa taka ƙasa da kan yatsu, dunduniya a sama, gwiwoyi na gogar juna, ƙafa na giftawa gaban 'yar'uwarta. Likitocin Indiya sun daɗe suna auna tsananinta da abin da mara lafiya ke dogarawa: wanda ke tafiya ba sanda, mai sanda ɗaya, mai sanda biyu, sai wanda ya koma jan jiki da hannu. Hankali lafiya lau, magana lafiya lau, in an taɓa ƙafar yana ji, kuma cutar ba ta rage kwana. Tana barin mutum da cikinsa na ci, ta raba shi da ƙafar da zai nemo abincin. Mafi yawan waɗanda take kamawa samari ne da magidanta masu jini a jika, wato su ne ƙarfin gandu.

Babu inda aka ga aikin waken tsirara kamar sansanin Vapniarka, a yankin Yukren da Romaniya ta mamaye a yaƙin duniya na biyu. A ƙarshen 1942 an tsare Yahudawa sama da dubu a can, abincinsu na yini giram 400 na wannan wake, wanda asali an tanade shi ne don dawaki, da ɗan burodin sha'ir mai haɗe da ƙaiƙayi. Cikin 'yan watanni ɗaruruwa suka fara jan ƙafa. Wani likita cikin fursunonin, Arthur Kessler, shi ya gano daga ina masifar take, fursunoni suka yi yajin cin abinci, a farkon 1943 aka daina ba su waken, sababbin kamuwa suka tsaya. Waɗanda suka riga suka naƙasa kuwa haka suka ƙare rayuwarsu, wasunsu likitoci sun ci gaba da duba su a Isra'ila shekaru talatin bayan yaƙin.

Za a iya cewa wannan kurkuku ne, ba rayuwar ƙauye ba. To sai a dubi gundumar Rewa a tsakiyar Indiya, inda cutar ta yi kaka-gida shekara da shekaru. A can masu gonaki suna biyan 'yan ƙwadagonsu, waɗanda yawancinsu bashi ya ɗaure su ga ubangida tun daga kakanni, da kesari maimakon kuɗi ko alkama, domin shi ne mafi arha a rumbu. Ubangida na cin alkama da shinkafa, yana taɓa kesari jefi-jefi a miya. Bara kuwa da shi zai yi waina, da shi zai yi fate. Gona ɗaya, iri ɗaya, amma guragun duk daga bukkokin barori suke fitowa. A 1961 gwamnatin Indiya ta haramta sayar da kesari. Dokar ba ta taɓuka abin kirki ba, don ba ta hana noma shi ba, ba ta kuma hana biyan lada da shi ba. Abin da ya kawo sauƙi, kamar yadda masanin cimaka C. Gopalan ya bayyana bayan ya sake komawa yankin, ciniki ne. 'Yan kasuwa sun gano ana iya cuɗa garin kesari cikin garin wani wake mai tsada, sai farashinsa ya haura na alkama, wadda noman zamani ya sa ta yawaita. Ubangida ya ga asara ce ya ba bara abin da zai sayar da riba, sai ya koma biyansa da alkama. Algus ɗin 'yan kasuwa ya yi wa talakan Rewa abin da doka ta kasa yi masa. Ba abin yabo ba ne, amma ya tona asirin cutar fiye da kowane gwajin ɗakin bincike.

Habasha ta ba da sauran bayanin. Bayan farin shekarun 1970 annoba ta ɓarke a Dembiya da Fogera, gefen tafkin Tana. Wata ta biyo baya a Wollo daga 1997 zuwa 1999, inda mutum wajen dubu biyu suka naƙasa. Haileyesus Getahun da abokan aikinsa, ciki har da Fernand Lambein na Jami'ar Ghent, suka bi gidaje suna tambayar abin da aka ci da yadda aka dafa. A binciken da suka buga a mujallar Lancet a 2003 sun nuna cewa inda tallafin hatsi ya isa, kamuwa ta ragu, inda ya yanke kuma ta ƙaru. Sun kuma gano cewa haɗarin na tare da cin waken gasasshe, ko dafaffe zallansa, ko ɗanye tun yana kore a gona, abin da yara masu kiwo suka fi yi. Miyar garinsa da ake ci da gurasar hatsi, wadda aka sa wa albasa da citta, ba a same ta da laifi ba. Jiƙa shi a zubar da ruwan, da gauraya garinsa da na hatsi aƙalla kashi ɗaya cikin uku, duk sun rage haɗari. Dalilin a kimiyyance sananne ne. ODAP na narkewa a ruwa. Sa'an nan dangin wake ba su da isassun sinadaran gina jiki masu ɗauke da farar wuta, metiyonin da sistin, waɗanda jiki ke bukata don kare jijiya, hatsi kuwa yana da su.

A nan ya kamata a faɗi abu ɗaya ƙarara, kada wani ya karanta rabi ya tayar wa gidansa da hankali: waken da muke shukawa tsakanin kunyoyin gero, fari ne ko ja, ba shi da wannan guba. Hasali ma girkin Bahaushe ya daɗe da bin ƙa'idar da masu binciken Wollo suka sha wahala kafin su tabbatar. Ƙosai da koko ake sha, wake da shinkafa ake haɗawa, miyar wake da tuwo ake ci. Labarin mutanen da suka mutu bayan cin wake, da haramcin da Tarayyar Turai ta sa wa busasshen waken Nijeriya a 2015, duk maganin ƙwari ne da aka zuba wa wake a wurin ajiya, laifin hannun mutum ne, ba na tsiro ba.

Abin da Daura ta haɗa da Wollo shi ne yanayin da ke haifar da cutar. Masarautar, da ƙananan hukumominta biyar, Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Baure, tana kan iyakar Nijar, ƙasa jigawa, damina wata uku zuwa huɗu, kuma rayuwar shekara guda na rataye a kan gero. Tarihin yunwa a wannan yanki ba ɓoyayye ba ne. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita ta ƙasar Katsina ya fitar da littafinsa Silent Violence a 1983, ya bi diddigin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da waɗanda suka biyo bayanta har farin 1973. Hujjarsa ita ce ba rashin ruwa kaɗai ke kashe talaka ba, har da haraji da bashi da sayar da hatsi da arha a kaka a sake saye da tsada a damina. Wanda ya ci falle, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don abin da za a dafa yau, bai yi nisa da baran Rewa ba. Kuma a duba lokacin: watannin Yuli da Agusta, da rumbu ya yi ƙasa, su ne watannin noma da maimai, lokacin da jikin namiji ke aiki mafi tsanani da abinci mafi ƙaranci. Aikin ƙarfi a kan yunwa na cikin abubuwan da aka lura suna gaggauta latirizim.

Idan gero ya ƙare, daji ake shiga. Ganyen tafasa da yaɗiya da gasaya da lalo ba su da wata matsala, cima ce mai kyau da ake ci ko ba yunwa. Anza ce ke bukatar a tsaya a kanta. Ita ba dangin wake ba ce, amma matsayinta a Damagaram da Maraɗi da arewacin Katsina shi ne matsayin gwaya a Habasha: itacen da ke yin 'ya'ya lokacin da komai ya bushe. 'Ya'yanta, dilo, ɗaci ne da su mai tsanani, ba sa ciwuwa sai an ɓare an jiƙa kwanaki ana sauya ruwa. A yunwar Nijar ta 2005 gidaje da yawa da ita suka rayu. Idan an wanke ta yadda ya kamata abinci ce mai gina jiki, har akwai kamfani a Damagaram, Sahara Sahel Foods, da ke sarrafa ta yana sayarwa. Matsalar ita ce gyaran yana cin ruwa da kwanaki, kuma waɗannan biyun su ne fari ke fara ƙwacewa. Macen da ta yi tafiyar sa'a guda kafin ta samo tulu ɗaya, 'ya'yanta na kuka tun jiya, ita ce za a ce ta zubar da ruwan jiƙo yau da gobe da jibi. Ba jahilci ke sa a gajarta jiƙo ba. Ta fi kowane jami'i sanin ƙa'idar.

Haka abin ya faru da rogo. Cutar konzo, wadda aka fara bayyanawa a Kongo a 1938, alamominta kusan ba su da bambanci da na latirizim, sai dai ita mata da yara ta fi kamawa, kuma tushenta sinadarin sayanaid ne da ke cikin rogo mai ɗaci. A 1981 fari ya sa mutanen lardin Nampula na Mozambik cin rogon da bai gama shanya ba, sama da mutum dubu suka shanye. Su ma mutanen da suka gaji gyaran rogo ne tun kakanni. A nan gida, Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya danganta wata cutar jijiya ta daban da dogaro da rogo a yankin Ijebu tun shekarun 1960. Rogon da muke dafawa mu ci da ƙuli-ƙuli mai zaƙi ne, gubarsa kaɗan ce. Amma duk shekarar da kwanon gero ya gagari talaka, garin kwaki ne ke cike gurbin, kuma mai saye a kasuwar Mai'aduwa ba shi da hanyar sanin kwana nawa aka bar shi ya yi tsami kafin a soya.

Akwai kuma ɗan gidan wake na gaske mai guba da ke tsirowa a bayan gidajenmu: rai-ɗore, ɗan'uwan tafasa, wanda masana ke kira Senna occidentalis. A yankin Saharanpur na arewacin Indiya an yi shekaru yara ƙanana na mutuwa duk bayan damina da amai da suma, ana ta neman ƙwayar cutar kumburin ƙwaƙwalwa ba a samu ba. Sai a 2007 likitan yara Vipin Vashishtha da masanin ƙwayoyin cuta T. Jacob John da abokan aikinsu suka nuna cewa yaran matalauta ne ke tsinkar kwanson wannan tsiro suna cin ɗanyun 'ya'yansa, gubar ta lalata hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Da aka wayar da kan iyaye aka sassabe tsiron a kewayen ƙauyuka, mace-macen suka ragu ƙwarai. Mu a nan magani muka ɗauke shi, ba wanda ke hana yaro wasa a cikinsa.

Tambayar da ta fi damuna a matsayin mai nazari ita ce ta ganewa. Bahaushe na da suna a shirye ga duk ƙafar da ta mutu: shan inna. In babba ne a ce iska, ko sammu, ko a haɗa shi da shanyewar ɓarin jiki. Hukuma ma da nata ramin da take zuba komai. Shekarun yaƙi da foliyo, wanda ya kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar foliyo ta daji a watan Agustan 2020, sun gina tsarin sa-ido mai ƙarfi da ya kai kowace gunduma. Sai dai abin da aka horar da tsarin ya nema shi ne yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ta yi laƙwas. A ɗauki bayan-gidansa sau biyu, a aika Ibadan ko Maiduguri, in ba a ga ƙwayar ba a rufe fayil. Latirizim da konzo kishiyar wannan ne: ƙafa biyu lokaci guda, a sanƙare ba a sake ba, in an ƙwanƙwasa gwiwa ta yi zillo da ƙarfi, babu zazzaɓi, kuma mai ita yana iya zama magidanci ɗan shekara 25 ko mace mai shayarwa. Irin wannan ba shi da gurbi a fom. Gano shi ba ya bukatar na'ura, ɗan gudumar roba ya isa, da tambaya biyu da ba kasafai ake yi a ɗakin duba marasa lafiya ba: me kuke ci a gidanku wata ukun nan, kuma mutum nawa ne a unguwarku ke tafiya haka? Cutar da abinci ke kawowa gida-gida take kamu, a kaka ɗaya. Ma'aikacin lafiya na karkara da ya san wannan zai riga kowane farfesa ganinta.

Mai karatu na iya cewa duk wannan shiri ne don baƙon da bai zo ba. Amma baƙon na da masu yi masa talla. Yayin da damina ke ƙara rikicewa, cibiyoyin binciken noma sun mayar da hankali kan gwaya a matsayin amfanin gonar da zai jure abin da ke tafe. Cibiyar ICARDA mai kula da noman busassun ƙasashe ta daɗe tana tace irin da gubarsa ba ta da yawa. Habasha ta fitar da Wasie, Indiya ta fitar da Ratan da Prateek da Mahateora, a 2023 kuma masana a cibiyar John Innes ta Ingila da abokan aikinsu suka buga taswirar ƙwayoyin halittarsa da hanyar da tsiron ke bi yana ƙera gubar. A ganina ƙin waken gaba ɗaya kuskure ne. Ya ceci rayuka fiye da ƙafafun da ya karɓe, harawarsa abincin dabbobi ce, kuma haramci irin na Indiya manomi kawai ya cutar. Amfanin gona ne na sanyi, don haka in zai shigo ƙasar Daura ta noman rani zai shigo, a fadamu da bakin madatsun ruwa irin Sabke, ba ta gonar gero ba.

Sai dai kalmar "iri mara guba" da za a rubuta a jikin buhu tana bukatar a bi ta da hankali. Babu irin da gubar ta ƙare a cikinsa ƙaf, raguwa ta yi. An kuma tabbatar cewa iri ɗaya yana ƙara yawan ODAP idan ya sha fari ko ya tsiro a ƙasar da ba ta da isasshen sinadarin zinki, wato gubar na hawa ne daidai shekarar da za a fi dogara da shi. Sa'an nan furensa na jan ƙudan zuma, su kuma suna kai ƙurar fure daga gona zuwa gona. Manominmu ba ya sayen iri duk shekara, daga abin da ya girbe yake ɗebewa ya ajiye, ya ba maƙwabci, ya sayo ƙari a kasuwa ba tare da takarda ba. A Habasha da Indiya an ga yadda tataccen iri ke gaurayuwa da na gargajiya cikin 'yan shekaru a hannun manoma, alhali ido ba ya bambanta ƙwayar da ke da guba kaɗan da mai guba da yawa. Duk hukumar da za ta raba irin, ko hukumar raya noma ta Jihar Katsina (KTARDA) ce ko wata ƙungiyar agaji, sai ta tanadi inda za a riƙa auna ƙwayar da manoma suka ajiye a shekara ta uku da ta biyar, ba wadda aka kawo a buhun farko kaɗai ba.